Wanda Zai Fuskanci Sarki a Bakin Akushi

An yi wani sarki a Birnin Ɗorawa, ana ce da shi Barmo, mutum mai ƙarancin magana da yawan kallo, wanda shirunsa ya fi faɗansa firgita majalisa. Wazirinsa kuwa Maiwada ne, malami na haƙiƙa, ya san fiƙihu, ya san rabon gado, ya san wanda ke gaba da wani a cikin masu rawani tun daga kakanninsu. A fada aka haife shi, a fada ya yi rarrafe, a fada furfura ta same shi, har ya zamana bai san wani irin zama a duniya ba sai irin na fada.

Gabas da birnin akwai wani tafki wanda ba ya ƙafewa, jama'a uku ke rayuwa a bakinsa: Fulani na shayar da shanu, manoma na ban ruwan lambu, masunta na kamun kifi. Wata shekara rani ya yi tsanani, ruwa ya ja baya, maƙwabta suka fara kallon juna da gefen ido. Shanu suka tattake albasa, manoma suka toshe burtali da ƙaya, masunta suka zuba maganin kifi a ruwa, 'yan maruƙa suka sha suka mutu. Fulani suka ce aikin manoma ne, aka fasa wa wani mai lambu kai da sanda, daga nan kowa ya koma gida yana wasa duk abin da ya mallaka na ƙarfe.

Da labari ya iso majalisa, Galadima, wanda shi ke riƙe da mayaƙa, kuma ya daɗe yana ganin rawanin Waziri ya fi dacewa da kansa, ya ba da shawara a fita a kewaye tafkin, duk hannun da ya ɗaga sanda a sare shi. Waziri ya ce a'a, akwai tsohuwar al'ada a ƙasar: shugabannin da suka sa hannu a akushi ɗaya, babu makami tsakanin mutanensu har damina ta zagayo, kuma ba a taɓa jin wanda ya karya wannan alkawari ya gama lafiya ba. A kira Ardo Ja'e na Fulani, da Sarkin Noma Cindo, da Sarkin Ruwa Arzika, a ajiye musu tuwo, Sarki ya zama na huɗunsu.

Sarki ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ce, "Waziri, mun karɓi shawararka, mun ajiye ta Galadima. Za mu sauke amawalin da ke rufe bakinmu mu ci a gaban mutane, abin da mahaifinmu bai taɓa yi ba. Kai za ka zaunar da su ranar Juma'a bayan an sauko. Amma ka sani, in aka ɗauke akushin nan alhali akwai hannun da bai shiga ba, Galadima zai fita da mayaƙa, kai kuma ka bar mana rawaninka a nan."

Waziri ya faɗi ya yi godiya, ya fita yana ganin aikin bai taka kara ya karya ba. Mutum huɗu ne a bakin akushi. Sarki zai juya wa bango baya, saura wuri uku: damansa, hagunsa, da kuma wurin da ke fuskantarsa. Mutum uku, wuri uku. Mai rabon gadon gidan da ke da mata huɗu da 'ya'ya tuli, wannan ne zai gagare shi?

Sai manzanni suka dawo, kowa da amsar gayyata, kowace amsa kuma da jelarta.

Ardo ya ce zai zo, amma in aka zaunar da Sarkin Noma a daman Sarki ba zai ci ba, domin dama wurin wanda aka gaskata ne, kuma hakan na nufin an yanke hukunci tun ba a saurare shi ba. Sarkin Noma ya ce zai zo, amma in Ardo ya zauna kusa da Sarki, ko dama ko hagu, to lalle shi ma sai an zaunar da shi kusa, ba zai bari Bafulatani ya samu kunnen Sarki shi yana can nesa yana kallo ba. Sarkin Ruwa ya ce zai zo, duk da cewa 'yarsa tana gidan Sarki kuma ba a saba suruki ya ci tare da suruki ba. Zai danne kunya saboda maslahar jama'a, amma in aka sa shi ya fuskanci Sarki ido da ido, hannunsa ba zai iya kai loma baki ba.

Waziri ya koma zaurensa ya zauna da sharuɗɗan nan uku. Ya fara da wurin da ke fuskantar Sarki, domin shi ne mai wuya. A fada kowa ya san wannan wuri: nan ake gurfanar da ɓarawo da ɗan fashi da wanda ya ci amana, ba a taɓa shimfiɗa wa mai mutunci buzu a nan ba. Sarkin Ruwa ya riga ya ƙi shi. Ardo kuwa, wanda aka kashe wa maruƙa, ya zo a matsayin mai ƙara a dasa shi a wurin mai laifi? Ko a zuci Waziri bai bari wannan ya tsaya ba, ya share shi kamar yadda ake share ƙuda daga bakin ƙwarya. Saura Sarkin Noma ke nan. To amma in Sarkin Noma ya koma can, Ardo ya zama kusa da Sarki, sharaɗin Sarkin Noma ya tashi tsaye. Ya dawo da Sarkin Noma hagu, ya sa Ardo dama, ya ga ya yi daidai, har ya fara murmushi, sai ya tuna ya bar Sarkin Ruwa yana kallon ƙwayar idon surukinsa. Ya ɗauke Sarkin Ruwa ya mai da shi hagu, Sarkin Noma ya sake faɗawa nesa. Ya mai da shi dama, haka. Duk inda ya toshe sai ta ɓalle ta wani gefen, kamar tsohon tulu.

Abinci ya zo ya huce a gabansa. Ya yi sallar la'asar bai tabbata raka'a nawa ya yi ba, ya sake.

Washegari Galadima ya zo, wai ya zo taya shi tunani. Ya zauna ya miƙe ƙafa, ya ce ai maganar Sarkin Noma a fili take: shi da Ardo an ɗaure su da igiya ɗaya, in wannan na kusa wancan na kusa, in wancan na kusa wannan na kusa, saboda haka gefen Sarki biyu nasu ne, Sarkin Ruwa kuwa sai dai ya yi haƙuri. Waziri ya ce Sarkin Ruwa ya ƙi. Galadima ya ce to a nesanta su duka biyun. Waziri ya ce wurin nesa ɗaya ne tak. Galadima ya ce to ai shi ke nan, in ba su yi kusa ba sun yi nesa, in ba su yi nesa ba sun yi kusa, kusa ta hana, nesa ta hana, sai dai a rataye ɗaya a azara. Sannan ya ƙara da cewa akwai wata hanya: Sarki ya saki 'yar Sarkin Ruwa da safe, a ci tuwo babu surukuta, ya mai da ita da yamma. Ya tashi yana dariya, a bakin ƙofa ya tambaya ko rawanin Waziri na buƙatar wanki kafin Juma'a.

Sauran fadawa ma kowa ya kawo tasa. Wani ya ce a ajiye akushi biyu. Aka tuna masa al'ada ta ce ɗaya. Wani ya ce Sarki ya ci loma a nan ya tashi ya koma can; aka tambaye shi yaushe ya taɓa ganin Sarki na zagaya akushi kamar kaza. Wani ya ce a ƙara Liman ya zama na biyar, wurare su yi yawa. Liman ya aiko cewa in za a sa shi, shi ma yana da nasa sharaɗin, Waziri ya ce a gaishe shi, a ce ya bar shi a cikinsa.

Ya aika wa Sarkin Ruwa ko zai sassauta. Amsa ta dawo cewa ya riga ya ba da rabin kunyarsa, ragowar rabin da ita za a binne shi. Ya aika wa Sarkin Noma, ya ce maganarsa na nan inda ya ajiye ta. Ardo kaɗai ne bai aika wa ba, domin a ganin Waziri tambayar ma kanta zagi ce, kuma mutumin da ke da matasa riƙe da sanduna a bakin tafki ba a gwada zaginsa don a ga yadda zai yi.

Ranar Juma'a da hantsi, ana jin ƙamshin miya daga cikin gida, Waziri bai da komai a hannu sai ciwon kai. Ya ce tunda a zuci abin ya ƙi, bari ya gani da ido. Ya shiga zauren da za a yi zaman, ya ajiye buta a jikin bango a madadin Sarki, ya kifa ƙwarya a madadin akushi, ya kira dogarai uku. Ya naɗa ɗaya Sarkin Noma, ɗaya Sarkin Ruwa, sannan wani tsoho mai ciwon gwiwa, Kakale, ya zama Ardo.

Nan aka shiga wani sabon ruɗani. Dogarai suka ƙi gilmawa ta gaban buta sai sun durƙusa sun yi gaisuwa, tunda an ce ita ce Sarki, kowane sauyin wuri sai an yi "Allah ya ja zamani" sau uku. Waziri ya ce Ardo ya koma dama, sai Sarkin Ruwa ya tashi. Ya ce ba kai ba, sai ga Sarkin Noma ya zauna a cinyar Ardo. Wanda aka naɗa Sarkin Noma, da ma ɗan manoma ne, sarautar ta hau masa kai, ya fara zagin Kakale da gaske a kan albasa, Kakale ya rantse shi ko akuya bai mallaka ba. Wanda aka naɗa Sarkin Ruwa ya rufe fuska da hannun riga wai kunyar buta yake ji, ya yi tuntuɓe da ƙwarya. Aka tashi, aka zauna, aka juya, har Waziri da kansa ya kira Sarkin Ruwa da Ardo, ya kira Ardo da Liman.

Kakale ya tsaya a tsakiya yana dafe da gwiwa, ya ce, "Ranka ya daɗe, a gaya mini gaskiya, yanzu ni mai shanu ne ko mai kifi? Tun ɗazu nake amsa duk wanda aka kira."

"Ardo ne kai. Koma hagu."

"Daga hagun nake, ranka ya daɗe. An kore ni."

Bai jira wani umarni ba, ya ja ƙafa ya zube a wurin da babu kowa, wanda ke fuskantar buta, ya ce ko tsire shi za a yi sai dai a ɗauke shi a zaune. Sauran biyun ma, da suka ga babba ya zauna, kowa ya zube inda tsayuwa ta same shi: mai kifi a dama, mai albasa a hagu.

Waziri ya buɗe baki zai yi faɗa. Da yake malami ne, bai iya faɗa ba sai da hujja, sai ya ɗaga yatsa ya fara lissafa musu ɓarnar da suka yi. Ardo ya ce kada Sarkin Noma ya zauna dama. Ya duba: Sarkin Noma na hagu. Ya sauke wannan yatsa ya ɗaga wani. Sarkin Ruwa ya ce kada ya fuskanci Sarki. Ya duba: yana gefe. Ya ɗaga na uku da ƙarfi, domin a nan yake da tabbas. Sarkin Noma ya ce in Ardo na kusa shi ma sai kusa. Ya duba: Ardo ba ya kusa, shi kuwa Sarkin Noma ga shi gwiwarsa na gogar buta. To igiyar da Galadima ya ce ta ɗaure su fa, wadda ta ce in Sarkin Noma na kusa sai an jawo Ardo? Ya maimaita saƙon a bakinsa a hankali, bai ji igiyar ba. Matar da ta ce in an yi baƙo za ta yanka kaza, ba ta ce duk ranar da ta yanka kaza an yi baƙo ba. Wata rana kazar ce kawai ta dame ta da ɓarnar hatsi.

Saura hujja ɗaya, babbar: Ardo ba ya zama a wurin mai laifi. Waziri ya tsaya da yatsa a sama yana neman ranar da Ardo ya faɗi haka, da manzon da ya kawo, da kalmomin da aka kawo shi da su. Ya juya saƙon ciki da bai. Magana ɗaya ce Ardo ya aiko, kuma a kan dama take. Wancan sharaɗi na huɗu, wanda ya hana shi ci, ya hana shi nutsuwa a salla, da muryar Waziri Maiwada aka faɗe shi, a zauren Waziri Maiwada, babu wani mai shanu a wurin.

Dogarai na ta kallonsa suna jiran faɗa. Ya ce kowa ya zauna yadda yake, kada ya motsa, a kawo buzaye a shimfiɗa a ƙarƙashinsu.

Sai dai hankalinsa bai kwanta ba, kuma da gaskiyarsa. Rashin cewa a'a daban, cewa to daban. Lokacin aike kuma ya wuce, an yi kiran salla, baƙi suna masallaci.

Bayan an sauko, zaure ya cika. Sarki ya zauna ya juya wa bango baya, aka ajiye akushi. Waziri ya kama hannun Sarkin Ruwa ya kai shi dama, tsohon ya zauna yana kallon ƙasa. Ya kai Sarkin Noma hagu. Sarkin Noma ya ɗan yi gunaguni cewa shi ba bahago ba ne, amma da ya ji gwiwarsa ta taɓa gefen rigar Sarki sai ya yi shiru ya gyara hula. Saura buzu ɗaya. Fadawa suka ga inda yake, suka dubi juna, Galadima ya sunkuyar da kai don kada a ga haƙoransa.

Ardo Ja'e ya shigo, dogo siriri, ya jingine sandarsa a bakin ƙofa, ya yi gaisuwa. Ya dubi buzun, ya dubi Waziri, bai zauna ba.

"Waziri, ba nan ne ake gurfanar da ɓarayin shanu ba? Na sha kawo su, na san wurin."

Waziri ya dube shi. Ya ga in ya yi ƙarya mutumin ya sani, in ya yi ado mutumin zai ji. Ya ce, "Nan ne, Ardo. Sharaɗi ɗaya ka aiko, na cika maka shi. Ban sami wani wurin da zai cika na kowa ba sai wannan. In akwai abin da ba ka faɗa ba, faɗe shi yanzu a gaban Sarki, laifin ya zama nawa."

Ardo ya shafa haɓa, ya juya wajen Sarki.

"Allah ya ja zamanin Sarki. Tun ina saurayi nake zuwa fadar nan, kullum a bayan ginshiƙi ake ajiye ni, ban san komai na Sarki ba sai gefen rawani da kunne ɗaya. In na koma ruga aka ce yaya kamanninsa, sai in ce a tambayi ɓarayi, su ake bari su gani. Da an tambaye ni, da wannan wurin zan roƙa."

Ya tattara riga ya zauna. Sarki ya kai hannu ya sauke amawali, ya ce bismillah, ya fara yanka loma. Sarkin Noma ya bi. Sarkin Ruwa ya juya fuska wajen bango ya miƙo hannu ta baya yana lalube, loma ta farko a miya kaɗai ta tsaya, ta biyu ta samu tuwo. Ardo ya ɗan gutsura kamar mai ɗanɗana magani, irin cin Fulani a gaban jama'a, Sarkin Noma ya ce masa, "Ci da kyau, Ardo, ba za mu gaya wa mutanen ruga ba." Ardo ya ce shi kuma ya rage sauri, ba za a ƙwace masa gona ba. Sarki bai yi dariya ba, amma wanda ke fuskantarsa ya ce ya ga bakinsa ya motsa. Kafin a ɗauke akushi an yi magana a kan mashaya da burtali da ranakun su, hannu huɗu kuma duk sun yi maiƙo.

Da baƙi suka tafi, Sarki ya tambayi Waziri wanne ne cikin sharuɗɗan ya fi ba shi wahala. Waziri ya ce na huɗu. Sarki ya ce uku aka karanta masa.

"Allah ya ba ka nasara, uku aka aiko. Na huɗun ni na sa wa Ardo a baki, saboda na auna zuciyarsa da mudun fada. Shi ne ya kusa zubar da jini a bakin tafki."

Sarki ya sa aka kawo alkyabba aka yafa masa, ya ba shi gonar da ke bakin tafkin, ya ce ya riƙa zuwa da ƙafarsa yana jin yadda mutanen waje ke magana. Ya umarci Galadima ya sallami mayaƙa su koma gidajensu. Kakale kuwa aka yafe masa tsayuwar ƙofa, aka ba shi tabarma a inuwa. Sannan Sarki ya mai da amawalinsa, ya dubi majalisa gaba ɗaya, ya yi maganar da aka daɗe ana maimaitawa a Birnin Ɗorawa:

"Farkon adalci shi ne a riƙe mutum da abin da ya faɗa, kada a rage masa, kada a ƙara masa. Mai mulkin da ya saba sa wa jama'a magana a baki, da kansa yake shari'a, su kuma suna waje suna jira a tambaye su."